Sati Biyu Kawai

Ranar da Oga Zacharias, mai kamfanin, ya ɗaga takardar tsarin aiki a gaban ma'aikata, ya ce duk Abuja babu manajan da ya kama ƙafar Injiniya Maitama, sai da Maitama ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, kowa ya ɗauka kawaici ne. Ko shafi ɗaya na takardar nan ba shi ya rubuta ba.

Kamfanin nasu ƙarami ne, a hawa na biyu na wani bene a Wuse. Shekarun nan kwangila ta yi yawa a gari, kowace ma'aikata so take a ce ta koma kwamfuta, su ma suka samu rabonsu: manhajar da za ta riƙe fayilolin ma'aikatan wata hukuma, mutum dubu goma sha ɗaya. Ita hukumar, tsohon tsari ta sani, a rubuta komai tun farko, a sa hannu, a bi mataki-mataki, kada a taɓa na biyu sai an rufe na farko. Amma daraktan hukumar da ya sa hannun shi ne kuma yake canza ra'ayi duk sati. Don haka masu rubuta manhajar, su biyar, suka koma sabon salon da ake kira ajayil: a yanka aikin ƙanana, a yi zangon sati biyu, a nuna wa mai shi ya gyara, a ɗauki wani zangon. Tsakanin tsarin nan biyu dole a samu mutum ɗaya da zai warware buƙatun darakta, ya jera abin da za a fara da abin da zai jira, ya duba abin da aka rubuta, sannan ya koma babbar takardar hukuma ya daidaita ta da abin da aka yi a zahiri. Aikin Maitama ke nan. Matarsa Rukayyat ce take yi.

Kullum da safe, kafin ya bar gidansu na Gwarinpa, zai ajiye kwamfutar ofis a kan teburin cin abinci, ya buɗe mata da kalmar sirrinsa, ya jefa tsohuwar ta gida a jaka don kada a gan shi hannu rabbana. A ofis yana tsayawa taron safe na minti goma sha biyar, inda kowa ke faɗin abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya. Ya iya magana, ya iya zama da manya. Kafin la'asar saƙo zai shigo wayarsa daga gida, ya karanta wa mutane kamar daga kansa ya fito.

Tare suka yi jami'a, ta fita da sakamakon da ya fi nasa nesa ba kusa ba. Shi ya ce matarsa ba za ta yi aikin ofis tana gogayya da maza ba, ta haƙura. Da aka ba shi manaja ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya ce ta ɗan duba masa abu ɗaya. Wata biyar ke nan. Yanzu cikinta ya shiga wata bakwai, cikin da suka shekara shida suna roƙon Allah.

Wata Talata ya dawo da magariba ya tarar da ita a inda ya bar ta, ta ɗora ƙafafunta a kan kujerar da ke gabanta.

"Injiniya, dubi ƙafata," ta ce. "Yau ko silifas ya ƙi shiga. Likita ta ce jinina ya hau. Ta ce in kwanta, kuma awo ya koma duk Alhamis, ba duk wata ba."

Ya duba. Ƙafar ta kumbura har tana sheƙi. Ya danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya san abin ba ƙarami ba ne, amma abin da ya fito bakinsa daban ne.

"Za ki kwanta mana. Wannan zangon kawai mu fita. Sati biyu ne."

"Haka ka ce a wancan."

"Wancan daban. Kuma ai a zaune kike, Rukayya, ba dako kike yi ba. Ga fanka, ga janareta."

Ta sauke ƙafafun ta juya ga kwamfutar. Shi ma ya san Alhamis ita ce ranar da ta fi kowace nauyi, don ranar Juma'a ake nuna wa hukuma abin da aka gama. Alhamis ta zo ya ce motar tana da matsala a birki, a bari sai ta sama. Da ya fita a motar ya ga tana kallonsa ta taga, ya yi kamar yana gyara madubi.

A zango na gaba ciwon kai ya kama ta, wanda ba ya jin magani. Ta ƙara girman rubutun kwamfutar har layi goma ke cika fuskar. Zoben hannunta sai da sabulu aka cire shi. Tana aikin tana girki, don ya ce ba ya son baƙuwar fuska a gidan da za ta ga abin da ake ciki.

"Akwai hanya," ta ce masa wata safiya yana ɗaura agogo. "Sandra ta ofishinku ta san aikin nan, ina ganin abin da take rubutawa. Ka ba ta rabon ayyukan, ni in riƙe takardar hukuma kaɗai. Ko ka faɗa wa Oga gaskiya, ka ce matarka ce take taimaka maka, yanzu kuma ba ta da lafiya."

"In ce me? In tsaya gaban yaran da nake wa oda in ce mace ce take riƙe da ni daga kicin?"

"Ba daga kicin ba. Daga teburin cin abinci."

Ya ji maganar har cikin ƙashinsa, sai ya mayar da ita faɗa. Ya ce duk abin da yake yi don wa yake yi, gidan nan na Gwarinpa da iska ake zama a cikinsa? Ya ce idan kwangilar nan ta wuce lafiya, a Dubai za a yi sayayyar haihuwa. Ya buga ƙofa ya fita. A hanya ya tsaya ya sayi tuffa da inibi ya aika mata da direban ofis, ya ji kamar ya rage wani abu.

Mahaifiyarsa, Hajiya, ta zo daga Kubwa ta wuni. Maitama ya ɓoye kwamfutar a ɗaki tun kafin ta iso. Ta tarar da Rukayyat kwance a doguwar kujera ta rufe ido da ɗankwali, tsakar ɗaki ba shara.

"Ikon Allah," Hajiya ta ce. "Mu da cikin wata tara muke surfe. Ke ba ofis ba, ba kasuwa ba, wuni guda a kwance, ba dole ƙafa ta kumbura ba? Ki riƙa motsa jiki."

"To, Hajiya," in ji Rukayyat.

Maitama yana tsaye da kofin ruwa a hannu. Ya ce, "Nima abin da nake faɗa mata ke nan." Yana rufe baki ya ji ƙyamar muryarsa.

Saura kwana huɗu zango ya ƙare darakta ya kira taro. Ya ce shugabannin hukumar za su zo kallo ranar Juma'a, yana so a ƙara sashen ƙarin girma da na ritaya, duka su fito a wannan nunin. Sandra ta ɗaga hannu tana duban Maitama. Yarinya ce 'yar Kafanchan, ba ta da tsoro.

"Oga, abeg, ƙa'idanmu ne fa. Ba a ƙara kaya a tsakiyan zango. A sa shi a layi, ya shiga na gaba. Ko a cire wani abu."

Gaskiya ta faɗa, kuma Maitama ne ya kamata ya faɗe ta, don aikin manaja ke nan, ya tsaya tsakanin mutanensa da mai buƙata. Amma ya ga fuskar darakta ta fara canzawa.

"Ranka ya daɗe, an gama," ya ce. "Ka bar min."

Da yamma ya zube wa Rukayyat takardu shafi talatin a kan tebur. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ina ganin wasu taurari-taurari a idona," ta ce a hankali. "Kuma nan ƙarƙashin haƙarƙarina yana min ciwo. Awo biyu na rasa, Injiniya."

"Ranar Asabar da kaina zan kai ki, wallahi. Asibitin kuɗi ma, ba na layi ba. Juma'ar nan kawai."

Ta jawo takardun gabanta.

Ranar Laraba mahaifinta, Alhaji Yamusa, dillalin lemo a kasuwar Zuba, ya biyo da kwandon lemo da kankana biyu. Maitama ya dawo cin abincin rana ya same shi a falo. Tsohon ya shigo ba zato, ya tarar da 'yarsa a gaban kwamfuta, ita kuma ta rufe da sauri ta ce fim take kallo.

"Fim," in ji Alhaji Yamusa yana girgiza kai. "Shekara biyar ina ɗora lemo a mota kina jami'a, ƙarshenta fim. To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Tunda mijinki ya tsaya miki, ai shi ke nan. Amma fuskar nan taki ba ta yi min ba. Kina zuwa asibiti kuwa?"

"Ina zuwa, Baba."

Maitama ya sa kai a faranti, yana juya shinkafar da cokali.

Ranar Juma'a ƙarfe goma aka fara nuni a ɗakin taron hukumar. Ya kashe ƙarar wayarsa ya sa a aljihu. Komai ya tafi daidai. Sashen ƙarin girma ya buɗe, na ritaya ya buɗe, babbar takardar ta yi daidai da abin da ke kan allo layi bayan layi. Shugaban hukumar ya tambayi wanda ya tsara wannan, darakta ya nuna Maitama, aka yi tafi. Yana jin wayar tana rawa a cinyarsa, sau ɗaya, sau biyu, sau da yawa. Ya ce a ransa wani gyara ne ta tuna, zai kira in an tashi.

Sai sha biyu da rabi ya duba. Kira huɗu daga Rukayyat, tara daga maƙwabciyarsu Madam Christina.

Ƙaurin tukunya ne ya kai Madam Christina gidan. Ta leƙa ta taga ta ga Rukayyat a ƙasa kusa da tebur tana jijjiga, ta kira masu gadi suka ɓalle ƙofa, ta sa ta a tasi. Kafin Maitama ya iso asibiti an shiga da ita tiyata. An ceto uwar. Jaririyar, mace ce, ba ta zo da rai ba. Bayan la'asar shi da surukinsa da mutum huɗu suka kai ta maƙabarta, a naɗe cikin farin ƙyallen da bai kai tsawon hannunsa ba.

Washegari likitar ta shigo ɗakin da katin awo a hannu. Hajiya tana nan, Alhaji Yamusa yana nan, da ƙannen mahaifiyar Rukayyat biyu, da Madam Christina. Rukayyat ta farfaɗo, tana kwance da robar ruwa a hannu.

"Na gaya mata ta zo duk sati," in ji likitar, ranta a ɓace. "Sau uku ba ta zo ba. Da ta zo ko sau ɗaya, da mun kwantar da ita. Wane aiki take yi da ya hana ta?"

"Aikin me?" Hajiya ta karɓe. "Ba ta aikin fari ba ta na baƙi. Sakaci ne irin na yaran yanzu."

Alhaji Yamusa ya juya ga 'yarsa. "Na tambaye ki, kika ce kina zuwa. Ƙarya kika yi min, Rukayya? Kina zaune kina kallon fim har kika kashe abin da ke cikinki?"

Rukayyat ba ta dubi mahaifinta ba. Maitama ta duba. Ba harara ba ce, kallo ne na mai jira. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan robar. Ya buɗe baki. Ya ga Hajiya, ya ga surukinsa, ya ga matan nan biyu da za su kai labari Zuba kafin magariba.

"Ƙaddara ce," ya ce. "A yi haƙuri, a bar maganar."

Ta juya fuskarta ga bango.

Ranar Litinin 'yan ofis suka zo gaisuwa. Da za su tafi Sandra ta tsaya a baya, ta same shi a barandar asibitin.

"Oga, madam ya ji sauƙi?"

"Da sauƙi."

Ta murza igiyar jakarta. "Akwai abin da yana damuna. Mun daɗe mun san ba kai ne kana yin aikin ba. Aiki yana shigowa da sunanka lokacin da kana tsaye a gabanmu. Mun ce maybe ka ɗauki wani a Legas, ba ruwanmu. Amma sati biyu da ya wuce na ga wani rubutu a cikin aikin, da Hausa. An rubuta, 'Na tsaya a nan, ba na gani sosai, zan ƙarasa in idona ya washe.' Na duba ka, kana karanta ƙananan rubutu a waya lafiya lau. Na so in tambaye ka waye ne ba ya gani. Na ji tsoro." Hawaye ya zubo mata. "Madam ne, ko?"

Ya jingina da bango. Ashe rigar da yake ta karewa kowa ya daɗe da ganin abin da ke ƙarƙashinta. Ba wanda ya ruɗa sai mutanen da ke cikin ɗakin can, masu zagin matarsa.

Da aka sallame ta, Zuba aka wuce da ita. Kwana tara yana kwana shi kaɗai a Gwarinpa, ba ya iya zama a teburin nan. A ofis ya faɗa wa Oga Zacharias komai, aka miƙa wa Sandra aikin, ba wanda ya yi masa faɗa, ba kuma wanda ya ƙara haɗa ido da shi. Wannan ya zo masa da sauƙi a kan abin da ya rage.

Ya sami Alhaji Yamusa a rumfarsa, ana sauke lemo daga wata babbar mota. Ya durƙusa a kan ɓawon lemo da laka, da shaddarsa, ya faɗi komai: kwamfutar, Alhamis uku, birkin da ba abin da ya same shi, kira huɗun da bai ɗauka ba. Tsohon yana ware ruɓaɓɓu daga masu kyau, bai daina ba har ya gama.

"Wato ba fim take kallo ba."

"A'a, Baba."

"Karatun da na biya ne take yi maka."

"E, Baba."

Alhaji Yamusa ya ajiye lemon da ke hannunsa. Idanunsa sun kaɗa. "Na ce wa 'yata ta kashe 'yarta. A gabanka na faɗa, kana tsaye. Kwana tara ban shiga ɗakin da take ba." Ya share fuska da hannun riga. "Ni ka zo ka faɗa wa a nan, a ɓoye, cikin hayaniyar kasuwa. A gaban mutum shida aka zage ta. Ka je ka nemo su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mahaifiyarka. Tashi ka ba ni wuri, zan je in roƙi 'yata gafara."

Ya bi bayan tsohon har gida, ya tsaya a zaure kusan awa guda. Daga baya aka ce ya shiga.

Tana zaune a kan katifa, ta rame, kumburin ya saɓe. Ya tsuguna daga bakin ƙofa. Duk maganganun da ya shirya a mota suka watse.

"Na faɗa wa Baba. Na faɗa a ofis. Zan faɗa wa Hajiya yau. Rukayya, ki yafe min."

Ta gyara zama a kan katifar.

"Aikin ba shi ya fi yi min ciwo ba," ta ce. "Ina son aikin. Ko awon ma, da ƙafata, da na fita na hau tasi, ni ma zan amsa wannan a gaban Allah. Amma wata biyar ina rufa maka asiri, har mahaifina na yi wa ƙarya. Ranar nan a asibiti, kwana ɗaya kacal da rasa 'yata, minti ɗaya na nema a wurinka. Ka duba fuskar kowa a ɗakin, ka zaɓi taka."

"Yaushe za ki dawo?"

"Kada ka sa min rana, Maitama."

Tunda suka yi aure ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya tashi ya fito. A ƙofar gida ya zauna cikin mota, motocin lemo suna wucewa zuwa hanyar Kaduna. Ya nemo lambar Hajiya ya kira. Ta ɗauka tun a bugun farko.

"Maitama, ya jikin malalaciyar taka?"

"Hajiya," ya ce, "ki zauna. Ba ita ba ce. Ni ne."